Majigin leza na gindin bango ko babbar talabijin? Ku ba ni shawara

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗina a inda ba za su tsiro ba. Makon jiya na kwana a gidan wani abokin kasuwancina a Abuja. Ina shiga falonsa na tarar hoto ya cinye bango guda, ana buga ƙwallo, 'yan wasan nan kamar su fito su taka mutum. Na ɗaga kai ina neman majigi a silin, wayam. Ashe wani akwati ne da bai wuce ƙaramar jakar tafiya ba, yana zaune a kan teburin talabijin, tsakaninsa da bango bai fi taƙi ɗaya ba. Ya ce min na leza ne. Wallahi tun da na dawo Kano talabijin ɗina mai inci 55 ta koma min kamar wayar hannu. Ga shi na kusa tarewa a sabon gida, falon ƙafa 22 ne da ƙafa 16. In sayi irin wannan, ko in ɗauki babbar talabijin in huta?

Auta:
Wa alaikumus salam. Yaya saya kawai, mu samu wurin kallon Gasar Zakarun Turai kyauta 😂

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, Alhaji, ƙarfe nawa ka shiga falon nan?

Baban Khalifa:
Bayan isha'i ne. Me ya haɗa agogo da majigi kuma? Ku Zagezagi ko ruwa aka miƙo muku sai kun tambayi zurfin rijiyar.

Injiniya:
Ku kuma Kanawa da kun ga abu yana sheƙi hannu ya tafi aljihu. Riƙe amsar nan taka, za mu dawo kanta.

Abin da ka gani shi ne wanda ake rubuta wa UST a jikin kwali, wato majigi mai haskawa daga gindin bango. Majigin da muka saba gani a ɗakin taro sai ka ja shi baya kamar mita uku kafin ya ba ka hoto mai inci 100. Wannan kuwa akwai madubi mai lanƙwasa a cikinsa da yake karya hasken ya cilla shi sama, ya baje a bango daga ƙasa. Za ka ga an rubuta lamba irin 0.25:1. Ma'anarta, duk mita ɗaya ta faɗin hoto tana son tazarar santimita 25. Hoto mai inci 100 faɗinsa santimita 221 ne, tsayinsa kusan 125. Ka ga kenan daga inda hasken yake fitowa zuwa bango santimita 55. To da yake tagar hasken tana ɓangaren da ke kusa da masu kallo ne, jikin akwatin ya riga ya ci fiye da rabin tazarar, shi ya sa ka ga taƙi ɗaya kawai ya rage.

Leza ɗin kuwa ita ta maye gurbin ƙwai. Ƙwan majigi na da, daga awa 3,000 zuwa 5,000 ya fara dushewa sai an sauya. Na leza kamfanoni suna rubuta awa 20,000, wasu 25,000. Ko awa biyar kake kallo kullum, 20,000 ta kusa kai ka shekara goma sha ɗaya. Kuma yana kamawa cikin daƙiƙoƙi, ba sai ka jira ya ɗumama ba.

Baban Khalifa:
To ai ka gama tallata min shi. Ina matsalar?

Injiniya:
Matsalar ita ce majigi ba ya iya haska baƙi. Haske kawai yake da shi. Duk inda ka ga baƙi a hoton, wurin da bai haska ba ne, wato launin bangonka ne a yadda ɗakin ya bar shi. Da dare, fitilu a kashe, farin bango yana zama baƙi, hoto ya fito raɗau. Da azahar, farin bango fari ne, to shi ne baƙinka. Rigar alƙalin wasa sai ta koma ruwan toka. Talabijin ba ta da wannan ciwon don gilashinta baƙi ne tun asali.

Barista:
Magana ta ƙare ai. Baban Khalifa, ɗauki talabijin mai inci 98 ko 100 ka rufe babin. TCL da Hisense sun karya farashinsu, a Amurka lokacin rangwamen ƙarshen shekara har ƙasa da dala 2,000 ake samun mai inci 98. Ka kafa ta, ka danna rimot, ko rana ta faɗo cikin falon ba ruwanka. Ni ban ga dalilin da mutum zai sayi abin da sai ya roƙi rana ta faɗi kafin ya more shi ba.

Maman Hanif:
Assalamu alaikum. Ku bari mai shi a ɗaki ta yi magana, shekara biyu kenan muna amfani da shi. Abin da Injiniya ya faɗa haka yake, mun gani da idonmu. Da maigidan ya kawo shi, bango kawai muka haska, ya ce ai sabon fenti ne. Daren farko har maƙwabta aka kira. Washegari da hantsi yara suka kunna katun, hoton kamar atamfar da ta sha bilic. Sai da aka sayo allonsa na musamman aka sa labule mai kauri sannan ya zama abin kallo da rana. Yanzu da rana ana ganin labarai da katun lafiya lau. Amma fim mai duhu, irin wanda ake faɗa cikin dare, wannan sai bayan magariba.

Abin da babu wanda ya gaya mana shi ne motsi. In aka ture akwatin nan da faɗin yatsa ɗaya, hoton ya karkace kenan, wani gefe ya hau bango wani ya shige ciki. Mai taya ni aiki in ta zo goge-goge sai ta ɗan ja shi, da yamma Abban Hanif ya dawo ya durƙusa yana gyara yana mita. Ƙarshe kafinta muka kira ya buga masa 'yan katakai a kan teburin ta kowane gefe, ya zauna daram.

Amma ta fuskar yara na fi samun kwanciyar hankali. Talabijin ɗinmu ta baya ƙwallon Hanif ce ta aika ta lahira, da aka faɗi kuɗin sauya gilashin sai muka ga gara sabuwa. Allo kuwa ƙyalle ne a jikin firem, ƙwallo ba ta fasa shi. Kuma namu in yaro ya matso zai leƙa hasken sai ya dushe da kansa.

Barista:
Hajiya, da girmamawa, kin lissafo allo, labule, kafinta, durƙuso da mita. Duk wannan hujjata ce kike ƙarawa nauyi.

Maman Hanif:
Barista, namu inci 120 ne. Nemo min talabijin mai inci 120 da kuɗinta ba zai sayi mota ba, sannan ka gaya min ta wace ƙofa za ka shigar da ita. Mu a bene na biyu muke, gidan haya. Ranar da za mu tashi, akwatin nan a kujerar bayan mota zai zauna, allon a kwance firem ɗinsa a naɗe.

Injiniya:
A nan Hajiya ta fi ka gaskiya, Barista. Mai inci 98 faɗinta ya kusa mita biyu da santimita ashirin, nauyinta ya haura kilo hamsin, kwalinta ya fi haka girma, kuma ba a son a kwantar da ita. Majigin nan yawanci kilo goma zuwa goma sha biyu ne. Sannan mutane suna ganin bambancin 98 da 120 kamar kaɗan ne. A fili ake lissafi, ba a tsawon kusurwa ba: mai 120 ya ninka mai 98 sau ɗaya da rabi. Shi kuwa mai 100 ya ninka 55 ɗin Alhaji fiye da sau uku. Ra'ayina: in a inci 100 za ka tsaya kuma falonka mai haske ne, ina bayan Barista. In 120 kake so ko sama, majigi ne kawai hanyar da ba ta hauka ba.

Na Guangzhou:
Salam jama'a, yanzu na tashi, ku yi haƙuri da bambancin lokaci. Alhaji, ni nake loda kayan nan, bari in faɗa maka inda ake yanka mutane.

Na ɗaya lumen, wato ma'aunin haske. Za ka ga ƙaramin majigi na naira dubu kaɗan an rubuta masa lumen 9,000 ko 12,000. Ƙarya ce tsagwaronta. Wanda ake yarda da shi shi ne mai ANSI ko ISO a gaban lambar, nan Sin kuma akwai nasu da suke kira CVIA. Har kotu Epson ya kai kamfanoni da dama a Amurka kan wannan ƙaryar, aka sa suka rage lambobin da suke rubutawa. Na gindin bango na kirki daga lumen 2,000 zuwa 3,000 da wani abu suke. Epson LS800 kuwa ya kai 4,000.

Na biyu, akwai na kasuwar cikin Sin akwai na fitarwa. Na cikin gida ya fi araha sosai, amma manhajarsa da Sinanci take, ba Google a ciki, ba YouTube. Mutum ya ga arha ya ɗauka, ya isa gida ya kasa ko sauya HDMI. In ka san za ka haɗa shi da dikoda ko Fire TV ko Apple TV ne kawai, za a iya lallaɓawa, amma ka sani kafin ka biya. Ko na fitarwar ma wasunsu Netflix ba ya aiki a kansu kai tsaye sai da 'yar na'urar nan irin Fire TV da ake sokawa a ramin HDMI.

Su waye a fagen? Hisense na birnin Qingdao su suka fi tura abin, tun 2014 suke kiransa Laser TV, wasu nasu da allon ake sayar da su a haɗe. Xiaomi ne ya sauko da farashi a 2017, da fasahar hasken leza mai suna ALPD ta kamfanin Appotronics da ke Shenzhen, kuma su biyun ne suka haɗu suka kafa Formovie. Samsung ya shigo a 2020 da The Premiere, babban a dala 6,499, ƙaramin 3,499. Akwai LG CineBeam. Don ka san inda aka fito, na Sony da ya fita a 2017 dala 25,000 ne kuɗinsa. Yau da dala 2,000 zuwa 3,500 za ka samu mai kyau.

Baban Khalifa:
Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa. To shi allon nan da kowa ke ambata, mene ne a cikinsa? Ba farin ƙyalle ba ne? Ina da abokai a Kwari, yadi biyar ya ishe ni.

Na Guangzhou:
😂 Bakano kenan. Alhaji ba farin ƙyalle ba ne, ruwan toka ne ma mai duhu. ALR ake ce masa, wato allo mai kore hasken ɗaki. In ka sa masa gilashin ƙara girma za ka ga tsagi-tsagi ne a kwance kamar haƙoran zarto. Fuskar haƙorin da ke kallon sama baƙa ce, tana shanye hasken fitilar silin. Wadda ke kallon ƙasa fara ce, tana karɓar hasken majigin ta turo shi wajen masu kallo. Shi ya sa yake da sama da ƙasa. Wani da na aika wa ya kira ni yana faɗa wai na turo masa jabu, hoto ba ya fita. Na ce a ɗauko min hoton bayan firem ɗin. Kibiyar da ke nuna sama tana kallon tayil. Mai haɗawar ne ya kifa shi.

Akwai wani nau'in, Fresnel, shi tsaginsa rabin da'ira ne. Ya fi haske, kuma yana kore hasken gefe ma, ba na sama kaɗai ba. Illarsa biyu: wanda ya zauna can gefe hoton yana dushe masa, kuma da yawansu allo ne sandararre, kwalinsa ya haura mita biyu, kuɗin jirginsa kaɗai ciwon kai ne. Allon kirki ka ware masa daga dala 500 zuwa sama da 1,000. Wanda zai sayi majigin dala 3,000 ya haska shi a bango, ya sayi doki ne ya hau shi ba sirdi.

Injiniya:
Ƙarin bayani kan bango, don na san Alhaji har yanzu zuciyarsa na wajen bangon kyauta. Yau da dare ka je sabon gidan, ka kashe fitila, ka manna tocilar wayarka a jikin bangon daga ƙasa tana haska sama. Duk wani tudu da kwari da birkila ya bari zai fito da inuwarsa. Haka majigin nan yake ganin bango, tunda daga ƙasa yake haskawa. Layin tsakiyar fili da ya kamata ya miƙe sai ka gan shi yana rangaji kamar maciji. Ko allon da ake ja daga sama irin na aji ba ya yi, don yana da 'yar lanƙwasa. Sai mai firem wanda aka ɗaure tamau.

Sai teburi. Hoton ba daga saman akwatin yake farawa ba, sai ya ɗaga kamar taƙi ɗaya da rabi. In ka ɗora shi a kan dogon teburi, inci 120 mai tsayin mita ɗaya da rabi zai je ya daki silin, ku kuma wuyanku ya ƙage. Gajeren teburi ake so, mai zurfi, don a inci 120 gaban akwatin zai iya fitowa santimita 70 daga bango.

Kawu:
Assalamu alaikum yara. Ina ta karanta ku ina dariya. Wai yau majigi ne ya dawo falo har ana masa lissafi da dala. Mu da muna yara mota ce take zuwa da shi, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi, sanƙira ya zaga gari ya ce yau akwai majigi. A nuna yadda ake noman gyaɗa da auduga da tsaftar rijiya, mai magana yana fassarawa da lasifika. Da muka girma muka shigo birni ga Plaza, ga Orion, ga Marhaba. Akasarin sinimun lokacin ba rufi, sararin Allah kake kallo in ka ɗaga kai. To a duk tsawon wannan zamani ban taɓa ganin an fara majigi rana na sama ba, sai an yi magariba duhu ya sauka. Ashe har na leza bai bar halin gidansu ba.

Injiniya:
Allah ya ƙara muku lafiya, Kawu. Abin da na yi ta zagaye da lambobi kun faɗe shi a layi ɗaya.

Mai Gidan Kallo:
Kawu ya gama magana. Ni sana'ata kenan, shekara tara ina haska ƙwallo. An sha ba ni shawarar in koma na leza, na ƙi. Wasannin Firimiya na Asabar ƙarfe uku ko huɗu na yamma suke kamawa a nan, wani ma tun azahar, lokacin kwano ya ɗau zafi kamar tanda. Mutum ɗari a ɗaki, gumi, ƙura, in aka ci ƙwallo kowa ya miƙe ana tsalle benci na rawa. Wane akwati ne zai zauna daidai a gaban wannan jama'a? Nawa a sama yake rataye cikin kejin ƙarfe, ƙwansa ya mutu in sa wani. Wannan na leza kayan falon masu hali ne, ba na neman abinci ba.

Ɗan Sola:
Tunda an zo maganar zafi, bari in shigo. Alhaji, wutarka fa? Majigin nan yana jan wat 200 zuwa 350, mu ɗauka 300. Talabijin ɗinka mai inci 55 da ƙyar ta wuce 100. Awa biyar a wat 300 yunit ɗaya da rabi kenan. A wata yunit 45. In kana layin Band A da ake biyan sama da naira 200 kowane yunit, ka kama dubu tara da wani abu. Wannan ba komai ba ne ga wanda ya iya sayensa. Kuma a yi adalci, talabijin mai inci 98 ita ma ba ta jan ƙasa da haka.

Inda aikin yake shi ne batir. Batir mai ruwa na 12V 200Ah yunit 2.4 ne a rubuce, rabi ake so ka ci in kana son ya yi ƙarko, wato 1.2. Ka ga shi kaɗai ba zai kai ka awa biyar ba, ban da fanka, ban da dikoda, ban da sifika. Kuma inbata ta zama mai tsaftatacciyar wuta, ba irin mai sa fanka kuka ba.

Amma babban mai cin wutar ba majigin ba ne, AC ce. Littafin yawancinsu yana cewa kada zafin ɗaki ya wuce 35 ko 40. Kano a watan Afrilu waje yana haura 40. Ka rufe tagogi, ka saki labule mai kauri don hoto ya fito, ka ƙara hita mai wat 300 a tsakiyar falo. Ba AC, fankarsa za ta yi ta ihu, ƙarshe ya kashe kansa ana tsakiyar fenariti.

Mai Gidan Kallo:
Kuma kada ya haɗa shi kai tsaye da soket. Ni an taɓa kawo wuta mai ƙarfi da tsakar dare ta ƙona min majigi da dikoda biyu a lokaci guda. Ƙwai ne nawa, na samu mai gyara a kasuwa. Na leza in allon wutarsa ya ƙone wa zai taɓa maka shi?

Na Guangzhou:
Wannan tambayar ita ce ta gaskiya. Leza ba a sauya ta kamar ƙwai, a haɗe take da injin hasken. In ta samu matsala ko dai wakilin kamfani ko a dawo min da shi nan, wata biyu zuwa uku kana jira. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai iya samu a wajen dila mai ba da garanti a gida, ko da ya fi tsada, ya saya a can. Ina rage wa kaina ciniki amma gaskiya ce. Stabilaiza da UPS kuwa dole ne, don ko an ɗauke wuta fankar ta samu ta gama huce shi.

Maman Hanif:
Kun manta hunturu. Gilashin da hasken ke fitowa sama yake kallo, kamar faranti aka ajiye wa ƙura. Mu a Abuja ma kwana biyu ya yi fari, ina ga Kano. Tela na sa ya ɗinka masa riga, in an kashe ya huce a rufe. Kuma ba a goge shi da tsumma, zai karce. Ɗan famfon roba na masu kyamara ake hura masa, sannan a bi da ƙyallen goge tabarau a hankali.

Auta:
Ni tambayata ɗaya. An ce 4K ɗinsu na bogi ne. Kuma ya yake da gem? In na kawo PS5 ɗina gidan Yaya ba na son in danna yau ɗan wasa ya buga gobe.

Injiniya:
Ba bogi ba ne, dabara ce. Yawancinsu DLP ne, wani ɗan guntu na kamfanin Texas Instruments mai girman inci 0.47, ɗauke da ƙananan madubai 1920 sau 1080, miliyan biyu da 'yan kai. Sai a riƙa gusa hoton zuwa wurare huɗu da saurin da ido ba ya kamawa, ya tashi ɗigo miliyan 8.3 a allo. In ka manna hancinka za ka ga bai kai talabijin kaifi ba. Daga kujera, mita uku da rabi, ban ga wanda ya taɓa ganewa ba.

Tambayar da ta fi wannan: me za ka ba shi ya haska? Ƙwallon dikoda yawanci a 1080 take tsayawa. 4K na Netflix yana iya cin gigabait 7 a awa ɗaya, ka lissafa datarka. Tsofaffin finafinan Hausa da aka ɗora a YouTube kuwa, a waya lafiya lau, a inci 120 fuskar jarumi sai ta zama kamar an zana ta da gawayi an shafa.

Gem: akwai yanayin wasa a saitinsu da yake rage jinkiri, ya isa ƙwallo da tseren mota. In irin harbe-harben gasa kake yi, talabijin ta fi su sauri.

Abu na ƙarshe da zan ce Alhaji ya gwada da idonsa kafin ya biya. Akwai mai leza ɗaya, shuɗiya, da take dukan wani faifai mai sinadari ya ba da sauran launuka. Akwai mai uku, ja da kore da shuɗi, irin Hisense PX da L9 da babban na Samsung. Mai uku launinsa ya fi cika nesa ba kusa ba, ciyawar fili kamar ka tsinka. Amma wasu suna ganin wani ƙyalƙyali kamar an watsa yashi a kan hoton, masu tabarau kuma wani lokaci suna ganin jan layi a gefen farin rubutu. Sannan a DLP akwai masu ganin walƙiyar bakan gizo in sun juya ido da sauri. Ba kowa ba, amma wanda yake gani ba ya daina gani. Na Epson ba DLP ba ne, wata fasaha ce da ake kira 3LCD, ba su da bakan gizo, sai dai baƙinsu bai kai ba kuma akwai matatar iska da za ka riƙa kaɗewa. Ka tafi da Hajiya da yara su ma su kalla.

Barista:
Ƙyalƙyali, bakan gizo, riga, famfo, UPS, AC. Ina nan a kan bakana.

Maman Hanif:
Ka zo ka kalli wasan ƙarshe a gidanmu, Abban Hanif zai ba ka kujerar tsakiya, mu ga ko bakan zai tsaya.

Baban Khalifa:
Salam, barkanmu da safiya. Na kawo rahoto. Jiya bayan isha'i na je na yi gwajin tocila. Injiniya, Allah ya isa tsakanina da kai, da ban san bangona haka yake ba. Kunya-kunya kamar gonar dankali, ni da na biya kuɗin filasta har da na gyara. Na kuma lura tagogin falon manya biyu yamma suke kallo, daga la'asar rana har tsakiyar kafet.

Sannan na kira abokin nawa na ce ya turo min bidiyon majiginsa da ƙarfe biyu na rana. Ya yi dariya ya ce ai da rana ba sa kunnawa, akwai talabijin a ɗaya falon.

Injiniya:
Na ce ka riƙe amsarka za mu dawo kanta 😂

Baban Khalifa:
Na riƙe, Bazazzage. Ga inda muka tsaya da uwargida. Mai inci 55 za ta zauna a babban falo, don ta ce ba za a mayar mata da falo kogo da rana tsaka saboda ƙwallo ba. Akwai ɗaki a sama da na yi niyyar ajiye kaya, taga ɗaya ce ƙarama kuma arewa take kallo, ƙafa 15 da 13. Can nake tunani. Na Guangzhou, inci 120 zai shiga?

Na Guangzhou:
Ƙafa 13 kusan mita huɗu ce, allon santimita 266 ne faɗinsa, zai shiga har da wurin sifika. Auno min daga tayil zuwa silin, in akwai fanka ka auna daga fukafukanta. Ka auna faɗin ƙofar ɗakin da kwanar matakala ma, in san ko mai naɗewa zan nema maka.

Ɗan Sola:
Ka turo min girman inbatar gidan da yawan batiran. Kada ka biya kowa ko sisi kafin in gani.

Auta:
Yaya ni dai a sa soket kusa da kujera.